Me Ya Haɗa Teku da Gonar Gero?

A Dandin Mahe, da shamuwa ta sauka, magana ɗaya ce a bakin kowa: yaushe za a yi shuka? Wanda ya yi gaggawa da ruwan farko, in aka ɗauke mako biyu, iri ya ƙone, sai cin bashi. Wanda ya yi nawa kuma, ruwa ya janye ya bar masa gero da ciki. Manyanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Ruwan da muke samu daga Yuni zuwa Satumba baƙo ne, daga tekun Atlantika yake zuwa. Da bazara ƙasa takan fi teku zafi, iskarmu ta tashi sama, sai iska mai laima daga kudu maso yamma ta kwararo ta cike gurbinta. To, in ruwan tekun da ke kudu da Legas ya yi ɗumi fiye da kima, sai iskar nan ta yi sanyin jiki, hadari ya tsaya a kudu, mu nan sai kallon sama. A 1986 masana yanayi na Ingila suka nuna cewa shekarun farinmu sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka yi ɗumi, na arewa suka yi sanyi.

Har tekun Fasifik yana da hannu. In ruwansa ya ɗumama wajen ƙasar Peru, abin da ake kira El Nino, daminarmu takan yi rauni. Da muka nuna wa yaran aji nisan wurin a taswira, dariya suka yi. Amma an yi El Nino a 1972 da 1982. A 2010 kuwa, da ruwan can ya yi sanyi, ambaliya ta ci garuruwa a ƙasar Goronyo.

Teku ba ya saurin hucewa, ɗuminsa yakan daɗe watanni. Shi ya sa hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina tun farkon shekara, haka ma cibiyar AGRHYMET ta Yamai kafin ruwa ya sauka. Ba su iya faɗin ranar da zai sauka a gonarka ba, wani lokaci ma sukan kuskure. Amma in suka ce damina gajera ce, a nemi malamin gona a samu iri mai saurin nuna, a kuma rage wani a rumbu ko shukar farko za ta ƙone.