Dijla da Furatu: Kogunan da Suka Raini Bagadaza da Basra Suna Janyewa

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin nahawu ya sha jin saɓanin malaman Basra da na Kufa. Bagadaza kuwa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, domin a can makwancin Imam Abu Hanifa da na Shehu Abdulƙadir Jilani suke. Sai dai ba kasafai muke tambayar dalilin da ya sa aka kafa waɗannan birane a inda suke ba. Dukansu a gefen ruwa suka tashi: Kufa a bakin Furatu, Bagadaza a bakin Dijla, Basra kuma kusa da inda ruwan kogunan biyu ke gangarawa teku. A yau wannan ruwa yana raguwa, kuma mutanen da ke ƙarshen kogi su ne suka fi ji a jikinsu.

Kogunan biyu daga duwatsun gabashin Turkiyya suke tasowa. Furatu, mai tsawon kimanin kilomita 2,800, yana ratsa Siriya kafin ya shiga Iraƙi. Dijla ya fi shi gajarta, amma ya fi shi saurin gudu, kuma yana samun ƙari daga rassan da ke saukowa daga duwatsun Zagros. A garin Ƙurna suke haɗuwa su zama Shaɗɗul Arab, wanda ke tafiyar kusan kilomita 200 kafin ya zuba a Tekun Fasha. Ruwan saman tsakiya da kudancin Iraƙi bai isa noma ba, don haka abin da ke rayar da gonakin ƙasar shi ne ƙanƙarar da ke narkewa a kan duwatsun wasu ƙasashe.

A shekarar 762, halifan Abbasiyawa na biyu, Abu Ja'afar Mansur, ya zaɓi gaɓar yamma ta Dijla ya gina birninsa mai siffar da'ira, wanda ya raɗa wa suna Madinatus Salam. Wurin da ya zaɓa yana yankin da kogunan biyu suka fi kusantar juna, kuma a nan Furatu ya ɗan fi Dijla tudu. Saboda haka idan aka haƙa magudana daga Furatu, ruwa yana gangarowa da kansa zuwa Dijla, yana shayar da gonakin da ke tsakani. Ɗaya daga cikin waɗannan magudanai, Nahru Isa, jirage ma na bi ta cikinta, har kayan Sham suka riƙa isowa kasuwannin unguwar Karkh ta ruwa. Ta Dijla kuma hatsi ke saukowa daga Mausil, hajar Indiya da Sin ke hawowa daga Basra. Arzikin da ya ciyar da malamai da masu fassara da masu kwafar littattafai a Bagadaza, babban rabonsa daga harajin waɗannan gonaki ya fito.

Amma zama da waɗannan koguna bai taɓa zama abu mai sauƙi ba. Cikarsu tana zuwa tsakanin Maris da Mayu, daidai lokacin da alkama da sha'ir ke dab da girbi, don haka ambaliya kan zo da ɓarna. Ruwan yana ɗauke da laka mai yawa wadda ke toshe magudanai idan ba a yashe su a kai a kai ba. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, zafi ya yi yawa, ruwan ban-ruwa yana tsayawa ya bushe ya bar gishiri a saman gona. A ƙarni na 9, bayin da aka fi sani da Zanj aikin kankare wannan gishiri suke yi a filayen Basra, kuma tsananin aikin na cikin abin da ya haddasa tawayensu daga 869 zuwa 883.

Malaman fiƙihu na wancan zamani sun san cewa rayuwar ƙasar a kan kula da ruwa ta rataya. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya yi bayanin hukuncin koguna da magudanai a Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Haruna Rashid. A mazhabarsu, manyan koguna irin su Dijla da Furatu ba mallakar kowa ba ne, kowa na da haƙƙin sha da shayarwa muddin bai cutar da jama'a ba, kuma yashe su nauyi ne a kan baitulmali. Lokacin da ikon halifofi ya raunana, sai magudanai suka fara cikewa. Babbar magudanar Nahrawan da ke gabashin Dijla ta lalace tun kafin Hulagu ya ci Bagadaza a 1258, kuma garuruwan da ke gefenta suka watse.

Har tsakiyar ƙarni na 20, yawan ruwa ne abin tsoron mutanen Bagadaza. Bayan babbar ambaliyar 1954, an kammala madatsar Samarra a 1956 domin karkatar da rarar Dijla zuwa kwarin Sarsar. Daga nan lamarin ya juya. Siriya ta gina madatsar Ɗabƙa a kan Furatu a shekarun 1970. Turkiyya ta gina madatsar Ataturk, kuma a watan Janairun 1990 ta tare kogin na kusan wata guda domin cika ta. A 2019 ta fara cika madatsar Ilisu a kan Dijla, wadda ta nutsar da tsohon garin Hasankeyf. Iran ma ta datse ko ta karkatar da rassa da dama, ciki har da kogin Karun da ke zuba a Shaɗɗul Arab. Akwai yarjejeniyar 1987 wadda Turkiyya ta yi alƙawarin sakar wa Siriya mita kubik 500 na ruwan Furatu a kowace daƙiƙa, amma har yau babu cikakkiyar yarjejeniyar rabon ruwa da ta haɗa dukkan ƙasashen.

Adalci ne mu faɗi cewa ba maƙwabta kaɗai ke da laifi ba. Manoman Iraƙi da yawa har yanzu malale gona suke yi da ruwa, tsofaffin magudanai na yoyo, kuma dagwalon birane na shiga koguna ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. A shekarun 1990 gwamnatin Saddam Husaini ta busar da mafi yawan fadamun kudu, inda al'ummar Ma'adan ke kiwon ɓauna suna gina gidaje da kara. An dawo da ruwa wani sashe bayan 2003, UNESCO ta sanya fadamun cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, amma fari na sake cinye su.

Basra ce ke karɓar abin da kowa ya rage. Idan ruwan daɗi ya yi rauni a Shaɗɗul Arab, ruwan teku ne ke hawowa ciki, ya kashe dabino, ya ɓata famfo. A bazarar 2018 gwamnati ta hana noman shinkafa da masara saboda ƙarancin ruwa, kuma a cikin 'yan watanni mutane fiye da 100,000 suka je asibitocin Basra sakamakon shan gurɓataccen ruwa. Zanga-zangar da ta biyo baya ta ci rayuka.

Idan muka sake cin karo da sunan Basra ko Kufa a littafi, ya dace mu tuna cewa garuruwa ne masu rai, kuma mazaunansu na sayen ruwan sha a tankoki alhali kogi na ratsa garinsu. Hukuncin da malamansu suka rubuta tun fiye da shekara 1,000, cewa na sama ba ya riƙe kogi ya cutar da na ƙasa, kuma gyaran ruwa wajibin hukuma ne, shi ne abin da ƙasashen huɗu suka kasa daidaitawa a kai har yanzu. Allah Ya shayar da su, Ya ba shugabanninsu ikon yin adalci a rabon wannan ni'ima.