Kyautar fawa bank: lambar da ke jikin kwali ba ita ce cajin ba

Tun da bidiyon fawa bank yana cin wuta ya fara yawo a WhatsApp, ofisoshi suka rabu biyu kan kyautar ƙarshen shekara da goron Sallah. Wasu sun ce a koma kalanda da dayari, kada a miƙa wa abokin hulɗa abin da zai ƙone masa gida. Wasu kuma sun ce a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙuwa, babu kyautar da ta kai fawa bank amfani. Ni ina tare da na biyun, amma da sharaɗi.

Tsoron yana da tushe. A watan Janairun 2025 wani jirgin kamfanin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da duk mutanen da ke ciki, kuma masu bincike sun karkata ga cewa fawa bank ne a ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ya haddasa gobarar. A watan Yuni na shekarar, kamfanin Anker ya janye fawa bank sama da miliyan ɗaya a Amurka, ita kuwa China ta hana shiga jiragen cikin gida da duk wanda ba ya ɗauke da tambarin tantancewa na CCC. Abin lura shi ne, waɗanda aka iya janyewa suna da kamfani, suna da lambar samfuri. Wanda aka sayo katan-katan babu suna babu adireshi, aka manna masa tambarin ofis, wa zai janye shi idan ya fara kumbura?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke sayen lamba. Mai sayayyar ofis zai shiga Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, ya ga wani ƙaramin fawa bank an rubuta masa 50,000mAh a farashin da bai kai na 10,000mAh na kamfanin kirki ba, ya ɗauka ya yi tsintuwa. Wanda aka ba kuma ya yi lissafi: batirin wayata 5,000mAh ne, ke nan zan cika ta sau goma. Lissafin nan bai taɓa fita ba, ko da kayan na gaske ne.

Dalili kuwa, mAh ƙidayar mudu ce ba tare da an faɗi girman mudun ba. Girman mudun shi ne ƙarfin wutar, wato volt. Batirin da ke cikin fawa bank yawanci volt 3.7 ne, don haka 10,000mAh na nufin 37Wh, kuma wannan Wh ɗin shi ne ainihin hatsin da ke cikin buhu. Kafin wutar ta fita ta kebul sai an ɗaga ta zuwa volt 5 ko sama, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane juyi wani abu na zubewa ya zama zafi. Ɗumin da kake ji a hannu lokacin caji, cajinka ne ke tafiya. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kimanin 19Wh, saboda haka fawa bank na gaskiya mai 10,000mAh zai cika ta wajen sau ɗaya da rabi. Ba cuta ba ce, haka abin yake. Kamfanonin kirki ma sukan rubuta lamba ta biyu da ƙananan baƙaƙe a bayan na'urar, tsakanin 6,000 zuwa 7,000mAh, wadda ita ce abin da ke fita a volt 5. Wannan ƙaramar lambar ya kamata mai saye ya fara nema.

Shi jabu kuwa nauyinsa ke tona shi. Batirin nan mai kama da gwangwani da ake kira 18650, mai kyau daga ciki yana ɗaukar kimanin 3,500mAh, nauyinsa ya kusa giram 50. Kafin a haɗa 50,000mAh sai an jera irinsa goma sha biyar ko fiye, abin ya doshi kilo guda idan an haɗa da gidansa. Duk wanda ya shige aljihun kaftani ba a ji shi ba, ƙarya ke rubuce a jikinsa. Masu jabun sun san da haka, shi ya sa aka sha fasa wasu a tarar da batir ɗaya tak, sauran gwangwanayen yashi ne. Don haka nauyi kaɗai bai isa shaida ba: a sayi guda ɗaya, a cika shi, a ga sau nawa ya cika waya, kafin a biya kuɗin guda ɗari biyu. A karɓi rasit da takardar garanti. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON na da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, amma yawan jabun da ke baje a kan tebura ya nuna akwai sauran aiki a bakin iyaka da tashoshin ruwa, kuma kafin a yi shi, mai saye ne ke tsaron kansa.

Girma ma ba alheri ba ne koyaushe. Ƙa'idar jiragen sama ita ce fawa bank ya zauna a jakar hannu, ba ya shiga kayan awo, kuma wanda ya haura 100Wh, wato kimanin 27,000mAh, sai da izinin kamfanin jirgi. Abokin hulɗar da ke zirga-zirgar Umara ko Dubai, 10,000 ko 20,000mAh ya fi masa. A haɗa masa da kebul mai kyau, a kuma gaya masa kada ya bar shi cikin mota a rufe. Batirin lithium ba ya shiri da zafi, ga shi a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara kan wuce digiri 40 a inuwa.

Filash kuwa ban cika son a raba shi ba. Na jabu kan nuna 64GB alhali cikinsa bai kai 8GB ba, sai mutum ya zuba takardun aiki ya dawo ya tarar sun lalace. Fitilar sola ko caja mai inganci ta fi shi tsawon rai a gidan ma'aikaci.

Sai batun wanda za a ba. Idan abokin hulɗar ma'aikacin gwamnati ne, Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kyautar da jami'i ya karɓa daga kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati ana ɗaukarta a matsayin saɓa ƙa'ida, sai dai idan an tabbatar da akasin haka. Dokar ba ta ware ƙaramar kyauta ba. Kafin a aika wa darakta waya ko kwamfutar hannu da sunan barka da Sallah, a tambayi ofishinsa abin da aka yarda ya karɓa, kuma a aika shi a fili da takarda.