Mutanen Rumfa da Mabiya Almasihu

Yau tafiya za mu yi mai nisa, zuwa ƙasar Girka da daular Rum ta shekaru dubu biyu da suka wuce, a kan wata kalma da kowa ya san ta, wato haƙuri. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya ji ta har ba iyaka. To, akwai wasu masana falsafa da suka mai da haƙuri fannin ilimi guda, suka yi masa makaranta da littattafai. A tsakiyarsu addinin Kirista ya tashi, ya karɓi abubuwa da dama daga hannunsu, ya kuma ja da su a kan wasu. Ku gyara zama.

Wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mutumin tsibirin Kubrus mai suna Zeno ya fara koyarwa a birnin Atina. An ce falke ne da jirgi ya nutse da kayansa, ya iso birnin hannu Rabbana. Wurin karatunsa wata doguwar rumfa ce mai ginshiƙai da zane-zane a bakin kasuwa. Rumfa irin wannan da Girkanci sunanta "sitowa", shi ya sa aka kira almajiransa Sitokiyawa. Mu sai mu ce mutanen rumfa.

Sun koyar da cewa duniya ba kara zube take tafiya ba. Akwai wani hankali da ya ratsa kowane abu yana tafiyar da shi, suna kiransa Logos, wani lokaci su ce Allah, wani lokaci su ce ƙaddara. Ɗan Adam yana da ɗan rabo daga wannan hankali, bawa ne ko sarki, don haka mutane duka 'yan gari ɗaya ne. Abin da ke hannunka kuwa kaɗan ne: niyyarka da hukuncin da zuciyarka ta yanke. Dukiya da lafiya da mulki, har 'ya'yan cikinka, duk aro ne, ranar da mai abu ya zo sai ka miƙa ba tare da ƙorafi ba.

Yanzu mu tsallaka shekaru 350. Manzo Bulus haifaffen Tarsus ne, a kudancin Turkiyya ta yau, garin da ya yi suna wajen fitar da malaman rumfa. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 17, ya ba da labarin zuwansa Atina, inda Sitokiyawa da wasu masana falsafa da ake kira Abikuriyawa suka yi ta muhawara da shi a kasuwa, daga bisani suka kai shi Tudun Arasa don ya yi bayani. Ku lura da dabararsa. Bai fara da Attaura ba, domin masu sauraronsa ba su san ta ba. Ya kawo musu baitin mawaƙinsu Aratus, wanda shi ma ya sha karatu wurin mutanen rumfa, baitin da ke nuna cewa asalin 'yan Adam daga Allah yake. Har nan suna tare da shi. Da ya ambaci tashin matattu sai taro ya rabu, wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce a bari sai wani jiƙon. Kaɗan ne suka bi shi, cikinsu da wani Diyonisiyus da wata mace Damaris.

Daga Atina ya wuce Korinti, inda aka kai ƙararsa gaban gwamna Galiyo, wajen shekara ta 51. Gwamnan ya kori ƙarar, ya ce rigimar addini ce, ba ruwansa. Wannan Galiyo shi ne wan Seneka, babban marubucin rumfa a birnin Rum, malamin Sarki Nero kuma mashawarcinsa, wanda Neron ya tilasta wa kashe kansa a shekara ta 65. Rubuce-rubucen Seneka a kan lamiri da gudun duniya da kyautata wa bayi sun yi wa Kiristoci daɗi ƙwarai, har Tartuliyan, malamin coci na Kartaj a Tunisiya ta yau, yana ganin sau da yawa Seneka nasu ne. A ƙarni na 4 wani ya zauna ya ƙago wasiƙu 14, ya ce tsakanin Bulus da Seneka aka yi musayarsu. Na jabu ne, amma sun shiga mutane, kuma saboda su wani malamin coci, Jerom, ya sa Seneka cikin jerin mashahuran marubutan Kirista. Wannan ya nuna irin yadda suke ƙaunar a ce mutumin nan ɗan gida ne.

Kada ku ɗauka zaman lafiya ne kawai a tsakani. Ga labarin Yustin, mutumin garin da yau ake kira Nablus a Falasɗinu. Da kansa ya ce malaminsa na farko ɗan rumfa ne, ya bar shi don bai ƙara masa komai a kan sanin Allah ba. Bayan ya zama Kirista bai tuɓe mayafin masana falsafa ba. Ya ɗauki kalmar Logos, wadda Linjilar Yohanna ta buɗe da ita, ya ce irin wannan Kalma an yafa shi a zuciyar kowane ɗan Adam, don haka duk gaskiyar da Sokratis ko mutanen rumfa suka faɗa tsiro ce daga gonar Almasihu. Wajen shekara ta 165 aka gurfanar da shi a Rum tare da abokansa shida, aka ce su yi wa allolin gari hadaya, suka ƙi, aka fille musu kai. Alƙalin da ya yanke hukuncin, Rustikus, ɗan rumfa ne, shi ne malamin Sarki Markus Oreliyus, kuma shi ne ya ba sarkin aron littafin Efiktetus daga cikin nasa littattafan. Wannan wuri yana taɓa ni duk lokacin da na iso shi. Mai yanke hukunci da wanda ake yanke wa duk sun yarda cewa mutuwa ba abin tsoro ba ce, kuma gara a mutu da a saɓa wa lamiri. Amma a idon Rustikus, abin da ke gabansa taurin kai ne da ƙin bin dokar sarki.

Shi wannan Efiktetus bawa ne a farko, gurgu, daga baya ya sami 'yanci ya buɗe makaranta. Almajirinsa Ariyan ya tattara koyarwarsa a wani ɗan ƙaramin littafi na riƙewa a hannu. Ƙarnuka bayan haka ruhubanawan Kirista suka kwafe shi don tarbiyyar almajiransu. Gyaran da suka yi kaɗan ne: inda aka ce alloli suka mai da shi Allah, a wani kwafin kuma suka cire sunan Sokratis suka sa na Bulus. A hamadar Masar, Ebagriyus, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya ɗauki burin mutanen rumfa na kuɓutar da zuciya daga fizgar sha'awa da fushi, ya mai da shi matakin da mai ibada ke takawa kafin addu'arsa ta tsarkaka. Shi ma Bishop Amburos na Milan, da zai rubuta wa limaman coci littafin ladubban aiki, a kan tsarin littafin wani marubucin Rum, Sisero, ya gina shi, shi kuwa Sisero daga wani malamin rumfa, Fanetiyus, ya ɗebo.

To ina aka rabu? Allahn mutanen rumfa yana cikin duniya kamar wuta a cikin garwashi, na Kiristoci kuwa shi ya halicce ta, yana kuma sama da ita. Mutanen rumfa sun ce wuta za ta cinye duniya, ta sake dawowa daidai yadda take, haka har abada, Kiristoci suka ce tashi ɗaya ne, hisabi ɗaya. Mutanen rumfa sun halatta wa mai hikima ya kashe kansa idan rayuwa ta ƙi, coci ta haramta. Waɗannan duk manya ne, amma a ganina inda saɓanin ya fi zurfi shi ne maganar hawaye.

A yi musu adalci, mutanen rumfa ba su ce mutum ya zama dutse ba. Seneka ya ce a taimaki mabuƙaci, ya kuma amsa cewa shi kansa ya yi kuka fiye da kima da abokinsa ya rasu. Sai dai a lissafinsu tausayin da ke girgiza zuciya rauni ne, kuma mai hikima ya ishi kansa. Wanda ya fi kowa ƙalubalantar wannan ɗan Afirka ne, Agustin, haifaffen Tagaste a Aljeriya ta yau, a shekara ta 354. A littafinsa Birnin Allah ya kawo labarin wani malamin rumfa da hadari ya rutsa da su a teku, fuskarsa ta yi fari fat don tsoro. Da iska ta lafa aka tambaye shi, sai ya zaro littafin Efiktetus daga jakarsa, ya nuna cewa razanar farko ba ta hannun kowa, abin lura shi ne kada hankali ya bi ta. Agustin ya ce in haka ne, ashe kowa na jin tsoro, a daina musun suna. Tambayar da ta dace ita ce: me ya sa ka tsoro, me ya sa ka baƙin ciki? Ya kafa hujja da cewa Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kan mutuwar Li'azaru. Kuma a wurinsa babu wanda ya ishi kansa, ko haƙurin ma baiwa ce daga Allah.

Agustin ya san abin da yake faɗa. A shekara ta 387 mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya, tashar jiragen ruwan Rum, suna shirin komawa gida Afirka. Tana da shekara 56. Shi ya rufe mata ido. Hawaye suka taso, ya danne su da ƙarfi. Ɗansa Adiyodatus, yaro matashi, ya fashe da kuka, suka tsawata masa ya yi shiru, don a ganinsu bai dace a yi wa mace mai imani irin wannan kuka ba. Aka kai ta makwancinta, aka yi addu'o'i a bakin kabari, idonsa ƙamas. Ya tafi gidan wanka ko zai ji sanyi, ya fito da nauyin da ya shiga da shi. Ya kwanta ya yi barci. Da ya farka shi kaɗai a kan shimfiɗa, sai ya tuna wata waƙar yabo ta Amburos, ya tuna zamansu da uwarsa da irin kukan da ta yi shekara da shekaru tana yi masa don ya shiryu. Nan ya saki hawayen, ba mai jin sa sai Allah. Shekaru goma bayan haka da ya rubuta labarin, ya roƙi duk wanda ya ga laifinsa a wannan kuka da kada ya yi masa dariya, ya dai taya shi roƙon gafara.