In Sandar Giya Ta Karye a Hanya

Ranar kasuwa, motar haya ita ce jakin mutanen ƙauye. Ita ke kai albasar Galmi Ƙonni, ita ke kai wake da gujiya Maraɗi, ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa gidan likita. Da yawa cikin motocin nan tsofaffi ne. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera Hiace a shekarar 1967, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa Nijar sai sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso. Cikin abubuwan da ke tsai da su a daji har da karyewar sandar giya, wadda wasu ke ce ma bitas.

Mene ne aikinta?

Sandar giya ita ce ƙarfen da direba ke turawa da hannu. Da ita yake zaɓen giya ta 1 don tashi da hawan tudu, da manyan giyoyi don gudu, da ta komawa baya. In ta karye, injin yana da rai, amma mota ba ta da linzami.

A tsofaffin Hiace injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, akwatin giya kuma yana bayansa. Don haka sandar ba ta shiga cikin akwatin kai tsaye. Wasu motocin ƙarafa ne dogaye ke haɗa su, wasu kuma wayoyi biyu masu kauri. A tsohuwar Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, sandar tana jikin sitiyari.

Me ke karya ta?

Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya. A gindin sandar akwai ƴan zobba na roba. Ƙura da rairayi suna shiga su cinye su, sai sandar ta riƙa lilo. In kuloci ma ya gaji, giya takan ƙi shiga. Direba mai gaggawa ya sa ƙarfi, yau da gobe, gindin ya tsage kamar ƙotar gatari. Wata rana sai sandar ta biyo hannunsa.

Abin yi a hanya

Da fari a ja birkin hannu, a kashe injin, a sa duwatsu gaba da bayan taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota injin na aiki.

In akwai sauran guntu a tsaye, bututun ƙarfe da ya yi daidai da shi ya isa. A zura shi bisa guntun, a ɗaure. In ta karye ƙurmus, karen mota ya shiga ƙasa, direba ya taka kuloci, a tura ƴan hannuwan da ke jikin akwatin giya har giya ta 2 ta shiga. Sai ya fito sarai kafin a tada injin. Da ita za a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Mota mai kaya da yawa ba ta son tashi da giya ta 2, kuloci na iya ƙonewa. Gara a rage buhuna, majiya ƙarfi su tura.

Gyaran gaskiya

Wannan dabara ta fita daji ce kawai. Gyaran gaskiya sai a garaji. Makaniki na kirki yakan kwance sandar ya fito da ita. Ba a yin walda cikin mota, don tartsatsi na iya kama kujera ko mai, zafi kuma ya narkar da roba.

Mai walda zai goge bakunan karayar biyu, ya fiƙe su don narkakken ƙarfe ya shiga har ciki. Kafin ya sa wuta, ya daidaita su yadda suke tun farko. In sandar ta karkace, za ta riƙa bugun kujera, wata giyar ta ƙi shiga. Bayan walda a sa mata ɗan bututu kamar ɗorin ƙashi. A bar ta ta huce da kanta. Ruwan sanyi yana sa ƙarfe mai zafi gautsi.

Sannan a sa sababbin zobba, a shafa giris, a duba kuloci da mansa. Wanda ya yi walda ya bar kuloci da ciwonsa, zai dawo. In sandar ta taɓa karyewa a wuri guda, gara a sayi wata wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Kafin mota ta fita, a gwada kowace giya, har da ta baya.

Ribar manomi

Kuɗin zobba da giris kaɗan ne. Kwana a daji kuwa tsada gare shi: tumatir ya ruɓe, bisashe su kwana da ƙishirwa, kasuwa ta watse. Ƙungiyar manoma da ke da mota ta ware kuɗin gyara tun ana cikin kaka. Fasinja kuma in ya ji giya na gurnani, ya ga direba na kokawa da sandar, kada ya ji nauyin magana tun a tasha. Rigakafi ya fi magani.