Nawa Kwamfutar Tebur Ke Shan Wuta? A Tambayi Soket

Idan aka tambayi mai kwamfutar tebur yawan wutar da take sha, sau da yawa sai ya duba akwatin wutar da ke cikinta, ya ce wat 500 ne. Ai wannan iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ne, ba abin da na'urar ke ja ba. Kwamfutar buga takardu ba kasafai take kai wat 100 ba, amma ta wasannin bidiyo mai babban katin hoto tana iya haura 400 idan aiki ya yi tsanani.

Amsar gaskiya tana wurin soket. Akwai ƙaramar mita da ake sokawa a bango, a jona kwamfutar a jikinta, ta riƙa nuna wat nan take, tana kuma tara jimilla. Sai dai a kula: samfurin Kill A Watt na Amurka don bolt 120 aka ƙera shi, mu kuwa 230 muke da shi. Awon minti ɗaya yaudara ne. A bar mitar kwana da yini, a ga lokacin aiki, da na zaman banza, da bayan an kashe, domin muddin waya na jone, akwatin na tsotsar ɗan abin da ba a rasa ba.

Wanda ba shi da wannan mita, ta kati da ke jikin gidansa ta wadatar, kuma a ganina wannan dabarar ta fi burgewa. A kashe komai, har firji, a bar kwamfutar kaɗai, a zuba wa 'yar jar fitilar da ke jikin mitar ido. Idan an rubuta 1000 imp/kWh a jikin mitar, na'ura mai jan wat 100 za ta sa fitilar ƙyaftawa sau ɗaya duk daƙiƙa 36.

Lissafin kuɗi kuwa ba wuya. Wat 100, awa takwas kullum, kwana 30, yunit 24 ke nan. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta yanka wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, ya kama naira 5,400, ban da allo.

Mai shirin sayen inbata ko UPS shi ya fi kowa buƙatar wannan awo. Da VA ake rubuta ƙarfinsu, kuma wat ɗin da suke iya ɗauka yakan gaza wannan lamba. Ƙaramar UPS mai VA 650 sau da yawa wat 360 zuwa 400 kawai take riƙewa.