Sassaben Zamani: Yadda Itace Ya Dawo Gonakin Maradi

Duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Tsibiri da rani zai ga gawo tsaye cikin gonaki da ganyensa shar, alhali komai ya bushe. Da yawa daga cikin itatuwan nan, da kalgo da sabara da magaryar da ke tsakaninsu, ba wanda ya dasa su. Daga kututture suka tofo, manomi ya bar su ya yi ta gyara. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma a ganina abin da ya raya shi ya fi dabarar kanta muhimmanci: ranar da manomi ya sakankance itacen gonarsa nasa ne, ranar ya daina sare shi.

Tun dokar dazuzzuka ta Turawan Faransa ta 1935, wadda dokar Nijar ta 1974 ta gada, itace na hukuma ne. Mutum ya sare reshen gawo a gonar ubansa, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa cire tsiron tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya kai kansa. Noman gyaɗa da garmar shanu suka ƙara, malaman gona kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, ƙasa ta riga ta zama tsirara. Iskar farkon damina takan binne hatsi da rairayi tun yana ɗan tsiro, sai an sake shuka, wani lokacin a sake kuma.

An kashe kuɗi masu yawa wajen renon dashe, mafi yawansa ya mutu. A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ɗin SIM a Maradi, ya lura cewa 'yan ciyayin da ake yi wa kallon shara itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Aikin ba wuya. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar tofo uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya datse sauran, ya gyara ƙananan rassa da gatari mai kaifi yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Saiwar da ta shekara da shekaru tana shan ruwan ƙasa ita ke ɗaukar nauyin sauran aikin.

Amma mutane ba su rungume shi don sauƙinsa ba. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka bari sun sha gatari. Wannan ya isa shaida cewa buhun hatsi ba ya sayen zuciyar manomi. Waɗanda suka bar nasu ne suka zama malamai: maƙwabci ya ga hatsin da ke gindin gawo ya fi na fili tsayi da kauri, don gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba ƙasa taki bai hana ta rana ba. Ya ga awaki na cin 'ya'yan gawon da bazara, matar gidan kuma ta daina doguwar tafiyar neman itacen girki. Sannan hannun hukuma ya yi sanyi a karkara cikin shekarun 1990, dokar dazuzzuka ta 2004 ta sassauta, har a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ke tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena.

Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru bayan shekarun fari, kuma ta taimaka. Sai dai ruwa bai taɓa hana gatari sauka ba.

Ribar kuma ba ta kai kowa daidai ba, a nan ne hankalina bai kwanta ba. Itacen da ya zama na mai gona ya fita daga hannun bazawarar da ba ta da gona, wadda a da take shiga ko'ina ta yi ƙirare. Makiyayi da ya saba sassabo wa dabbobinsa ganye a kan hanya yanzu ɓarawo ne a idon mai gona. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, sun kafa kwamitin tsaro da ya haɗa da mata da Fulani, suka tsara wa kansu ƙa'ida da tara, kuma satar dare ta ragu ƙwarai. Garuruwan da ba su yi irin wannan zaman ba, mutum na iya renon gawo shekara biyar ya wayi gari ya tarar da kututture.

Kewayen birni ya fi ban tsoro. Maradi na cin itace kullum, amalanke na shigowa da shi tun asuba, kuma gonakin da ke tsakaninta da Tsibiri da Jiratawa ana yanka su filayen gini. Gonar gado ma tana ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba wa 'ya'ya, mai aron gona kuwa ba ya renon itacen da bai san ko zai sha inuwarsa ba. Dokar 2020 ta amsa tambayar da ke tsakanin manomi da hukuma. Wadda ke tsakanin mai gona da mai aro, da makiyayi, da matar da ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa, tana gaban masu gari da fadar Sarkin Gobir da hukumomin gundumomi, kuma su ne ya kamata su zauna a kanta tun kafin rikici ya zaunar da su.