Birnin Ikko Da Barazanar Teku

Duk wanda ya taɓa sauka Ikko, watau Legas, ya san gari ne da ke zaune tsakanin teku da wani babban tafki. Unguwanni da yawa da ke cike da benaye a yau, kamar Lekki da tsibirin Victoria, a da fadama ce da yashi, kuma ba su ɗara ruwa tudu ba sai kaɗan. Saboda haka ya kamata mu duba abin da sauyin yanayi zai jawo wa wannan birni tun da sauran lokaci.

Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana cikin rahotonsu na 2021 cewa daga 1901 zuwa 2018 teku ta tashi kamar santimita 20, watau wajen inci 8. Dalili kuwa, duniya na ƙara zafi, ƙanƙara na narkewa, ruwan da ya ɗumama kuma yana kumbura. Sun ce in ba a rage hayaƙin gawayi da na mai ba, tashin na iya kaiwa mita 1 nan da 2100.

Inci 8 ba wani abu ba ne a ido, amma ga Ikko ba shi kaɗai ba ne. Ƙasa na lotsawa a waɗansu unguwanni saboda yawan rijiyoyin burtsatse da nauyin gine-gine bisa cikon yashi. Magudanai sun toshe da shara, fadamun da ke shanye ruwan sama kuma an cike su an yi gidaje. To, in teku ta cika aka kuma yi ruwa mai ƙarfi, ina zai bi? Abin da ya faru ke nan ran 10 ga Yuli 2011, sa'ad da ruwa ya ci gari har aka rasa rayuka, ya kuma maimaita a Lekki cikin Yuli 2017.

Akwai darasi cikin tarihin garin. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina katangun dutse a bakin mashigin tashar jiragen ruwa, domin manyan jirage su sami hanya. Ashe katangun sun tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma. Sai teku ta dinga cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har ta riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga baya aka cike wurin da yashi, aka kafa sabuwar unguwa ta Eko Atlantic, aka kare ta da babbar ganuwa ta duwatsu da curin kankare, kowane curi tan 5. Ganuwar ta tsare tsibirin Victoria, amma mutanen ƙauyukan gabas, irin su Okun Alfa, suna kukan teku ta ƙara cin ƙasarsu. Watau in aka tare ruwa a nan, sai ya nemi wani wuri.

Lalle Gwamnatin Jihar Legas ba ta zauna ba. A 2020 ta fito da tsarin jure wa irin waɗannan masifu, cikin Janairu 2024 kuma ta hana amfani da mazuban abinci na roba mai kumfa, masu toshe magudanai. Amma a ganinmu ganuwa kaɗai ba ta isa ba. Sai an auna kowace unguwa an san tudunta da kwarinta, a yashe magudanai kafin damina, a hana cike sauran fadamu, a kuma sa talakawan Makoko, masu gidaje bisa ruwa, cikin lissafi, ba masu benaye kawai ba.

Kada mu 'yan Arewa mu ce ba ruwanmu. Kayanmu da yawa ta Apapa su ke shigowa, tumatirinmu da albasarmu a kasuwar Mile 12 a ke sauke su, 'yan'uwanmu kuma na zaune a Agege da Idi Araba tun kaka da kakanni. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanninmu basirar shiri tun ruwa bai kawo wuya ba, amin.